Darasi: Tsokar jikin ɗan Adam da dalilin sandarewar gawa

Ya ku ƴan'uwa, duk wanda ya taɓa halartar wankan gawa ya san jikin mamaci yakan sandare bayan ƴan awoyi. Wasu daga cikinmu sukan tsorata, har su shiga munanan zato a kan mamacin. To, dalilin wannan yana cikin ginin tsoka, kuma shi za mu duba a darasinmu na yau.

Tsoka iri 3 ce: ta zuciya, da ta hanji da hanyoyin jini, da wadda ke manne da ƙasusuwa. Wannan ta ƙarshe ita muke sarrafawa da nufinmu. Adadinta a jiki ya wuce 600, kuma takan kai wajen kashi 40 cikin 100 na nauyin namiji baligi.

Idan muka yagi dafaffen nama, mukan ga yana rabuwa zare-zare. Idan aka sa wannan zare a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, sai a ga dami ne na wasu zarurruka waɗanda da yawansu ba su kai kaurin gashin kai ba. A cikin kowanensu akwai ƴan gaɓoɓi jere kamar na karan dawa, sunansu sarkomer. Kimanin 400 zuwa 500 ne ke cika milimita 1.

Kowace gaɓa tana ɗauke da silili iri biyu: mai kauri, wato miyozin, da siriri, wato aktin. A shekarar 1954 Andrew Huxley da Hugh Huxley, masana ƴan Ingila, kowa da abokin bincikensa, suka nuna cewa sililin ba ya gajarcewa. Shiga tsakanin juna yake yi. Miyozin yana da ƴan kawuna da ke kama aktin su ja, su saki, su sake kamawa a gaba, kamar hannuwan mai jan guga a bakin rijiya. Umurnin jan daga ƙwaƙwalwa yake zuwa ta jijiya, sai sinadarin kalsiyom ya kwararo cikin zaren ya buɗe wuraren kamawa.

Ga inda ya kamata mu lura. Kan miyozin ba ya iya sakin abin da ya kama sai da wani makamashi mai suna ATP, wanda jiki ke haɗawa daga abinci da iskar da muke shaƙa. Idan rai ya fita, makamashin nan sai ya ƙare, kawunan su tsaya a riƙe. Sandarewar ke nan. Takan soma awa 2 zuwa 6 bayan rasuwa, daga fatar ido da muƙamuƙi da wuya, kuma zafi yana gaggauta ta. Bayan kwana ɗaya zuwa uku takan saki da kanta.

Daga nan muke gane hikimar rufe idon mamaci, da ɗaure masa haɓa, da lanƙwasa gaɓoɓinsa a hankali tun jiki bai yi sanyi ba. Idan kuwa an tarar ya riga ya sandare, kada a tilasta gaɓa, a bi ta da sauƙi. Kuma mu kame bakinmu, domin wannan hali yana samun gawar salihi da ta waninsa, ba ya nuna yadda mutum ya cika.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani. Amin.