Rumfar makaɗa ta Lambun Tsakiya

A tsakiyar birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka akwai wani babban lambu na shan iska. Mutanen can suna kiransa Central Park, wato Lambun Tsakiya. Faɗinsa hekta 341 ne. An fara aikinsa a shekarar 1858, don mutanen birni su sami wurin hutawa a inuwar itatuwa.

A 1862 aka kafa rumfar makaɗa ta farko a cikin lambun. An yi mata ado da fenti launi-launi. Makaɗa su hau su zauna, jama'a kuwa su kewaye su. A lokacin, ran Asabar ake yin kiɗa. To, amma ma'aikata kwana shida suke aiki a mako, Lahadi kaɗai suke hutawa. Sai suka yi ta kai kuka, har aka fara yin kiɗa ran Lahadi a cikin shekarun 1880.

Akwai wani attajiri mai suna Elkan Naumburg. An haife shi a Jamus a 1835, ya zo Amurka yana saurayi, ya yi kasuwancin tufafi, daga baya ya buɗe banki. Mutum ne mai son kiɗa ƙwarai. Ya lura talaka ba ya iya sayen tikitin shiga gidan kiɗa. Saboda haka tun 1905 ya riƙa biyan makaɗa daga aljihunsa, su yi wa jama'a wasa kyauta a lambun.

Da tsohuwar rumfa ta yi wa taro kaɗan, sai ya gina sabuwa da kuɗinsa, ya ba birnin kyauta. An buɗe ta ran 29 ga Satumba, 1923. Shekara ɗaya bayan haka ya rasu.

Da farin dutse aka gina sabuwar rumfa. Siffarta kamar an raba ƙwarya biyu, an tsai da rabi ɗaya yana fuskantar jama'a. Wannan siffa ba don ado kaɗai ba ce. Idan makaɗa suka busa ko suka kaɗa, sauti yakan bugi bangon da ke bayansu da rufin da ke bisansu, sa'an nan ya dawo gaba. Ta haka na nesa ma yake ji, ko babu lasifika.

Shekaru suka wuce, aka daina kula da ginin. Ruwa ya shiga duwatsun, suka fara tsagewa. Wajen 1990 hukumar lambunan birni ta ce za ta rushe shi. Ta ce ya lalace, ya zama maɓoyar ɓata-gari, kuma ba ya cikin tsarin lambun na asali.

Zuriyar Naumburg da masu son kiɗa ba su yarda ba. Suka kai ƙara gaban shari'a. A 1993 wata kotu ta jihar Niyu Yok ta yanke hukunci. Ta ce dokar birnin ta wajabta a kiyaye kyautar da aka karɓa da sunan jama'a, don haka ba za a rushe rumfar ba. An yi mata babban gyara, aka gama a 2021. Har yanzu, kowace shekara lokacin zafi, ana yin kiɗa kyauta a wurin.

Yara, kayan jama'a amana ne. Rumfar nan ta kusa faɗuwa don an yi sakaci da ita, ta tsira kuwa don wasu sun tsaya mata.

Ma'anar kalmomi
Attajiri: mai dukiya da yawa.
Zuriya: ƴaƴa da jikoki da tattaɓa-kunnen mutum.
Sakaci: rashin kula da abin da ya kamata a kula da shi.

Tambayoyi
1. Don me ma'aikata suka nemi a yi kiɗa ran Lahadi?
2. Me ya sa Naumburg ya riƙa biyan makaɗa?
3. Yaya siffar rumfar take taimakon masu sauraro?
4. Waɗanne dalilai hukuma ta kawo don rushe ta? Me kotu ta ce?
5. Shekara nawa ke tsakanin buɗe rumfar da hukuncin kotu?

Aiki
a) Ku fita filin makaranta biyu-biyu. Ɗaya ya kira ɗan'uwansa daga nesa. Sa'an nan ya kewaye bakinsa da tafin hannuwansa, ya sake kira. Wane kira ya fi fita?
b) Ku tambayi dattawa inda makaɗa suke wasa a garinku a dā. Wurin yana nan? Wa ke kula da shi? Ku rubuta layi biyar a kai.