Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ƙ da A̱ Suke Fitowa Kamar Akwati?

Wani mai shagon buga takardu a Kafanchan yana tambaya: me ya sa ƙ ta Hausa da a̱ ta harshen Tyap suke fitowa kamar ɗan akwati a kwamfutarsa?

Malam, kwamfuta da lamba take gane harafi. A tsarin Unicode, lambar ƙ ita ce 0199, ta layin ƙarƙashin a̱ kuma 0331. Kusan kowane fayil na salon rubutu yana da jadawali mai suna cmap, wanda ke haɗa lamba da zanenta. In babu zanen, sai akwati ya fito. Da manhajar fontTools ana buɗe jadawalin, a gano abin da babu, a ƙara zanen a kan lambarsa ta asali, muddin lasisin salon ya yarda.

Za ka ce ai ya fi sauƙi a ɗora zanen ƙ a kan q, tunda takarda za ta fito daidai. Haka ne, amma ranar da ka tura rubutun zuwa wayar wani a Zonkwa, q zai gani, kuma mai neman kalmar "ƙasa" a ciki ba zai same ta ba. Gara ka yi amfani da salon rubutu irin su Charis da Andika na ƙungiyar SIL: kyauta ne, kuma suna ɗauke da haruffan nan.