Sabon Gida da Yardar Dangi

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta mai da Kafanchan mahaɗa a shekarun 1920, kabilu suke cuɗanya a wannan yanki. Yau saurayi Bajju yakan auri budurwa Ham daga Kwoi, ɗan Atyap kuma ya ɗauko 'yar Kagoro. Hausa ce ta haɗa su a ikilisiya, amma gidan surukai yana da harshensa. Amaryar da ba ta jin abin da ake faɗa a tsakar gida takan ɗauka da ita ake, uwar miji kuwa ta ɗauki shirunta girman kai ne. Da dare ango ya sha ƙara daga ɓangarori biyu.

Neman yardar iyaye kafin aure daidai ne. Al'ada ta bukace shi, Dokar Aure ta Nijeriya ma ta nemi rubutacciyar yardarsu idan ɗaya daga cikin masu auren bai kai shekara 21 ba. Matsala takan taso ne sa'ad da ango ya ci gaba da neman wannan yarda kan kuɗin cefane, aikin matarsa da lokacin haihuwa, har amarya ta ga kamar kullum jarrabawa take rubutawa.

Labarin Isuwa abin nazari ne. Yana da shekara 40 ya auri Hittiyawa biyu, zuciyar Ishaku da Rifkatu ta ɓaci (Farawa 26:34-35). Da ya gane haka, bai zauna da iyayensa ko matansa ba, sai ya ƙara auro Mahalat 'yar Isma'ilu (Farawa 28:8-9). Littafi Mai Tsarki bai nuna cewa wannan ya kawo salama ba. Mata biyun fari kuwa, babu wanda ya ji ta bakinsu.

Farawa 2:24 ta ɗora wa namiji nauyin rabuwa da iyaye domin ya manne wa matarsa. Wannan bai soke girmama iyaye ba, amma ya nuna inda ake yanke shawarar gida. Saboda haka ango ne ya kamata ya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi, kada ya tura amarya ta kare kanta. Amarya kuma ta daina kai kowace gardama gidansu ta waya, gama ma'aurata sukan shirya kafin gari ya waye, iyaye kuwa su riƙe maganar shekaru. Idan abu ya gagara, a tafi wurin fasto ko dattijuwar Zumuntar Mata, su biyu tare.