Yadda Ruwa Ya Isa Maƙabartar Ƙarafa ta Alƙahira

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari, ina so mu duba wata tambaya: me maƙabarta za ta yi da ruwa? Maƙabartar Ƙarafa da ke Alƙahira a ƙasar Masar ta samo asali tun bayan da Musulmi suka kafa garin Fusɗaɗ a ƙarni na 7. Tana gindin dutsen Muƙaɗɗam, a busasshen wuri, nesa da Kogin Nilu. Amma masu ziyara da masu gadin kaburbura da almajirai duk suna bukatar ruwa.

Ahmad ibn Ɗulun, wanda ya mulki Masar daga 868 zuwa 884, ya gina dogon magudanin ruwa na tubali daga tafkin Birkatul Habash. Shanu ne ke juya na'urar da ke ɗaga ruwan zuwa saman ginin, sannan ya gangara. A 1211 Sarki Al-Kamil ya gina ƙubbar Imamu Shafi'i, shi ma ya jawo mata ruwa. Daga baya sarakunan Mamluk, irin su Ƙaitbai a 1474, suka riƙa gina "sabil", wato wurin shan ruwa kyauta, da kwamin shayar da dabbobi.

Da kuɗin waƙafi aka riƙa tafiyar da yawancin waɗannan ayyuka. 'Yan'uwana ɗalibai, ku lura: wannan kalma ce muke kiran alamar ɗan dakatawa da ita a rubutu. Asalinta na Larabci "tsayarwa" ne, wato dukiyar da aka tsayar domin jama'a. Idan kuɗin waƙafi ya yanke, ruwan sabil ma sai ya ƙafe.