Bulon Karan Shinkafa: Inda Yake Amfani da Inda Yake Cutarwa

Duk wanda ya yi kaka a Alƙahira ya san abin da Misirawa ke kira baƙin gajimare. Tun 1999 aka fara ganinsa sosai: a waɗancan shekaru, daga Satumba zuwa Nuwamba manoman Sharƙiya da Daƙahliya da Kafr al-Sheikh kan cinna wa karan shinkafa wuta don su samu filin shukar hunturu, iska ta kwaso hayaƙin ta jibge shi a kan birnin. Wannan bala'i ne ya sa injiniyoyi a Cibiyar Bincike ta Ƙasa da ke Dokki, irin su Gihan Garas da Mostafa Allam, suka shiga gwada datsa karan a cuɗa shi da siminti a buga bulo. Ni ma aikina ke nan a nan Alƙahira, gwajin kayan gini, kuma saƙonnin da nake samu daga masu buga bulo a Kano da Kebbi ne suka sa na ga ya kamata a yi magana a fili.

Masar tana da dalili na biyu. Da aka gama madatsar ruwa ta Aswan a 1970, Nilu ya daina kawo laka duk shekara, masu toya jan bulo suka koma kankare ƙasar gonaki, har sai da gwamnati ta hana da doka a 1983. Ga kuma siminti, wanda sarrafa shi ke fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na iskar carbon dioxide da ke ɗumama duniya. Saboda haka duk abin da zai rage siminti ko ƙasar noma, ana maraba da shi.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Rumbunan Ramsis na Biyu a Luksor da ƙasa da kara aka gina su, suna nan tsaye fiye da shekara 3,000, kuma irin wannan bulon Hassan Fathy ya gina Sabuwar Gurna da shi a shekarun 1940. Maginanmu ma ba sa kwaɓa ƙasar tubali sai da ciyawa. Amma ƙasa da kara aminan juna ne; siminti da kara kuwa zaman doya da manja suke yi, sai an shiga tsakani.

Ga yadda abin yake. A cikin ɗanyen kara akwai sukari da wasu sinadarai masu narkewa, kuma sukari yana hana siminti kamawa. Idan aka zuba karan yadda ya zo daga gona, bulo zai fito daga inji da kyan gani, amma bayan kwana biyu ka sa farce a gefensa sai ya ruguje, ka ga kowane sili na kara ya zare fes, babu simintin da ya manne masa. Maganin shi ne a datsa shi ƙanana, a jiƙa a ruwa, wanda aka sa wa farar ƙasa ya fi, a zubar da ruwan nan mai launin shayi, sannan a cuɗa. Mai gaggawar kai kaya kasuwa ba ya son jin wannan, amma babu hanyar kaucewa.

Ko an yi komai daidai, akwai cinikin da dole a yarda da shi. Yawan kara, yawan sauƙin nauyi da sanyin ɗaki, amma ƙarfi yana raguwa. Irin wannan bulo gurbinsa bangon da ya raba ɗaki da ɗaki, ko cike tsakanin ginshiƙan kankare, wato yadda akasarin benayen Alƙahira suke: ginshiƙi ne ke ɗauke da gini, bulo sutura ce kawai. A gida Najeriya kuwa bulon ne kan ɗauki rufi, wani lokaci har da bene. Wanda ya sa bulon kara a irin wannan wuri ya ɗauki alhakin rayuka. Kada kuma a sa shi a harsashi ko jikin banɗaki, domin yana shan ruwa, inda danshi ya zauna kuma ruɓa da gara na tafe. Alƙahira ba ta san ruwan Agusta irin na Zariya ba, don haka abin da ya yi lafiya a nan sai an ƙara masa filasta mai kyau da rufi mai fitowa waje kafin ya yi a can.

Tambayar da ta fi zuwa mini ita ce ta ɓuntu, tunda ga tsibinsa nan a bayan injinan shinkafa na Kura a Kano. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shinkafar da ba a casa ba, kuma darajarsa a tokarsa take. Idan aka ƙone shi a zafin da aka kula da shi, tsakanin digiri 500 zuwa 700, tokar kan fito fara-fara, mafi yawanta sinadarin silika ne, kuma in an niƙa ta lukui tana iya maye gurbin kashi 10 zuwa 20 na siminti. Baƙar tokar juji wadda ta ci ta cinye da kanta ba ita ake nufi ba. Zuba ɗanyen ɓuntu a kwaɓi don buhu ɗaya ya ba da bulo da yawa kuwa, ni ban ɗauke shi kare muhalli ba, algus ne.

Ga mai son gwadawa: ya buga kaɗan, ya rubuta ma'aunin da ya yi amfani da shi, ya shayar da su ruwa yadda aka saba, bayan kwana 28 ya kai ɗakin gwaji na sashen injiniya a jami'a ko kwalejin kimiyya mafi kusa a matse su a inji a ga nauyin da za su ɗauka, a kuma jiƙa wasu kwana ɗaya a auna ruwan da suka sha. Mai saye kuma ya nemi ganin takardar wannan gwaji kafin ya biya kuɗin mota.