Darasi na Tara: Datsar Itatuwa da Kula da Injin Zarto

1.0 Gabatarwa

A wannan darasi za a dubi sana'ar datsar itatuwa, wadda ta danganci noma da kiwo da sassaƙa. An ɗauki Tudun Kaya da ke Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, da maƙwabciyarta Rogo, a yammacin Jihar Kano, a matsayin misali. Yanki ne na manoma, inda ɗorawa da kuka da tsamiya da mangwaro suke tsaye a gonaki, ana gadon su kamar yadda ake gadon gonar. Ana sa ran ɗalibi ya fahimci cewa rayuwar bishiyar da aka datsa ta dogara ga abubuwa uku: lokacin da aka yi yankan, da wurin da aka yanka, da lafiyar abin da aka yanka da shi.

2.0 Ma'anar Datsa

Ya kamata a bambanta kalmomi uku. Sarewa ita ce kayar da bishiya daga tushe. Sassabe shi ne share ƙananan itatuwa daga gona kafin damina. Datsa kuwa ita ce rage rassan bishiya a bar ta da ranta. Ta fuskar nahawu, aikatau "datsa" yakan sauya siga: "datse" na nuna kammaluwar aiki, "datso" na nuna aikin ya fuskanto mai magana, "daddatsa" kuma na nuna maimaituwarsa.

3.0 Dalilan Datsa

Ana datsar bishiya domin cire busasshen reshe, ko wanda kauci ya kama yana shanye masa ruwa. Ana yi domin rage inuwa ga dawa da masara, da samar wa dabbobi ganyen gawo da rani, da kare rufin ɗaki da wayar lantarki. Har wa yau, datsa hanya ce ta raya daji. A shekarar 1983, a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostareliya ya fara jan hankalin manoma su riƙa barin 'yan rassa masu ƙarfi daga tohon kututture, su datse sauran. Ta haka gonaki masu yawa suka sake samun itatuwa ba tare da dashe ba.

4.0 Lokaci da Wurin Yanka

Bishiya mai 'ya'ya, kamar mangwaro da ɗorawa, ana datsar ta ne bayan an gama cire 'ya'yan, domin ta yi sabon toho da damina. Wanda ya datse ta tana fure ya yi asarar amfanin shekarar. Ba a so a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a lokaci guda, domin zafin rana yakan ƙone ɓawon da ya saba da inuwa.

Babban reshe ana yanka shi ne sau uku:

(a) A fara ɗan yanka daga ƙasan reshen, nesa kaɗan da gangar jiki.
(b) A yanka daga sama, gaba da yankan farko, har reshen ya faɗi.
(c) A cire guntun da ya rage, dab da kumburin da ke gindin reshen, ba tare da an taɓa kumburin ba.

Yankan farko shi ke hana reshe ya yago ɓawon bishiyar idan zai faɗi. Kumburin kuwa daga nan ne sabon nama ke tasowa ya rufe raunin. In an shafe shi, ko aka bar dogon gungu, ruwa da gara sai su sami ƙofa, bishiya ta yi kogo.

5.0 Kula da Injin Zarto

Gatari da adda da barandami su ne kayan aikin gargajiya. A yau injin zarto, kamar na kamfanin Stihl wanda aka kafa a Jamus a 1926, ya shiga ƙauyuka. Zafi da ƙurar hunturu su ne manyan abokan gabarsa, saboda haka a kiyaye waɗannan:

(a) Mai: ana gauraya fetur da man da aka yi musamman domin irin wannan inji. Ma'aunin da aka fi bayarwa shi ne 50 da 1, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. Fetur zalla yakan ƙone injin.
(b) Sarƙa: a wasa haƙoranta da magagari mai daidai da girmansu. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya. Idan ta fara fitar da gari, ta dakushe.
(c) Ɗauri: sarƙa tana saki idan ta yi zafi, ta tsuke idan ta huce. Idan an ƙara mata ɗauri a tsakiyar aiki, a sassauta bayan an tashi.
(d) Man sarƙa: kada a zuba tsohon baƙin mai, domin dattinsa na cinye ƙarfe.
(e) Iska: a tsabtace matatar iska da kafofin shan iska bayan kowane aiki. A bari injin ya huce a inuwa kafin a ƙara masa mai.

6.0 Kariya da Doka

Mafi munin haɗari shi ne injin ya yi tutsu ya komo kan mai riƙe da shi, wanda ke faruwa idan saman bakinsa ya taɓa ice. Don haka a riƙe shi da hannu biyu, kada a yi yanka sama da kafaɗa, kada kuma a yi aiki babu mataimaki. A sa hular kwano da tabarau da takalmi mai kauri. Bugu da ƙari, a shekarar 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta hana amfani da wannan inji wajen sare itatuwa ba tare da izini ba.

7.0 Kammalawa

An ga ma'anar datsa da dalilanta da ƙa'idojinta, da yadda ake kula da inji. Ɗorawar da kaka ya bari tana iya ciyar da jikoki da kalwa, amma yanka ɗaya na ganganci ya isa ya kashe ta. Wajibi ne malamin Hausa ya isar wa ɗalibansa da kalmomin sana'ar tare da ilimin da ke cikinsu.

Jinga

1. Bambanta sarewa da sassabe da datsa, tare da misali a cikin jimla.
2. Me ya sa ake fara yankan babban reshe daga ƙasa?
3. Ziyarci wani mai wannan sana'a a garinku, ka tattaro kalmomi goma da yake amfani da su, ka ware na asali daga na aro.