Suna Linzami

'Ya'yana da jikokina, Allah Ya yi muku albarka. Da yawanku kun fara ajiye iyali, wasunku ma suna ta neman sunan da za su raɗa wa jariri, shi ya sa nake so mu ɗan zanta a kan suna. Shi ne kyautar farko da iyaye ke ba ɗansu. Da shi za a kira shi a makaranta, da shi za a ɗaura masa aure, da shi kuma za a sanar da rasuwarsa. Abin da zai raka mutum tun daga zanen goyo har zuwa likkafani bai kamata a zaɓe shi don daɗinsa a kunne kawai ba.

Kakanninmu ba sa sa suna a banza. Ranar bakwai da sassafe liman zai raɗa sunan yanka, a yi addu'a, a raba goro, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Daga nan sai tsofaffin gida su ƙara wa yaro lakabin da ke ba da labarin zuwansa duniya. Wanda ya faɗo ranar Juma'a Ɗanjuma ne, mace kuma Jummai. Ta Talata Talatu, ta Asabar Asabe. Namijin da ya biyo bayan 'yan mata Tanko, macen da ta biyo bayan maza Kande, mai bi wa tagwaye Gambo. In ka ji Ɗan'azumi ko Sallau ko Anaruwa, ka san lokacin da aka haife su ba tare da ka ga takarda ba.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne da wannan hikima. 'Yan ƙabilar Akan na ƙasar Gana su ma da ranaku suke sa suna. Kofi Annan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya, an haife shi ranar Juma'a a 1938, wato Ɗanjuma ne a wajensu, Kwame Nkrumah kuwa sunansa na Ɗan'asabe ne. Yarbawa na kiran tagwaye Taiwo da Kehinde, Gambonsu kuma Idowu. Luo na Kenya na kiran wanda aka haifa da dare Otieno, wanda aka haifa ana ruwa Okoth. Harsuna sun bambanta, amma zuciyar iyaye ɗaya ce.

Akwai sunayen da nake roƙonku kada ku taɓa yi wa dariya. Ku dubi matar da ta haihu sau uku ko huɗu, kowanne ya koma kafin yaye. Da ta sake haihuwa, sai tsofaffi su ɗauki jaririn su ajiye shi a kan juji na ɗan lokaci, kamar ba a damu da shi ba, sannan a ɗauko shi a kira shi Ajuji, ko a ce masa Bawa. Yarbawa kan ce wa irin wannan ɗa Malomo, wato kada ka sake tafiya. Rai da mutuwa a hannun Allah suke, ilimi ya kawar da wannan camfi, kuma asibiti ya rage wabi. Duk da haka, in kun haɗu da dattijo mai irin wannan suna, ku tuna da hawayen uwar da ta haife shi, ku girmama shi.

Suna kuma matafiyi ne. Muhammadu ya zama Mamman a bakinmu, Mamadu a Mali da Senegal, Mehmet a Turkiyya. Yusuf ɗinmu shi ne Joseph a Ingila, José a Sifaniya, Giuseppe a Italiya, duk daga sunan annabi ɗaya. Mu ma mun yi wa sunaye ado irin namu: Abubakar ya zama Garba, Hauwa Kulu, Fatima Binta, kowane Usman kuma Shehu ne saboda darajar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. In aka mai da sunan kaka, sai alkunya ta sa a riƙa cewa Abba ko Ummi, kamar yadda Bayarabe ke cewa Babatunde, wato baba ya dawo.

Waɗanda aka raba da sunayensu su suka fi kowa sanin zafin abin. Mandela, da aka haifa a 1918, mahaifinsa Rolihlahla ya sa masa, malamarsa ce ta laƙaba masa Nelson ranar da ya shiga makaranta. Ɗan damben nan na Amurka ya yar da Cassius Clay a 1964 ya koma Muhammad Ali, domin yana ganin na farkon gadon bauta ne. Chinua Achebe ma ya ajiye Albert ya riƙe sunansa na Ibo. To don me ɗanmu zai ji kunyar Tanko, ya aro sunan mawaƙin da bai san ma'anarsa ba ya liƙa a Facebook?

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwar sunaye a wurin Allah, kuma yakan sauya mummunan suna. Wata 'yar Sayyidina Umar da sunanta ke nufin mai saɓo, shi ya mai da ita Jamila. A kunnen Bahaushe wancan sunan ya yi kama da na Asiya matar Fir'auna, baiwar Allah ta gari, alhali a Larabci haruffansu daban ne. Don haka in suna ya burge ku a fim ko a intanet, ku kai shi wurin malami ko mai jin harshen ya fassara muku kafin ranar suna.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Ku sa wa 'ya'yanku sunan da in sun girma suka tambayi ma'anarsa za ku amsa da farin ciki. Ku kira kowa da sunan da yake so, Musulmi ne ko Kirista, Bahaushe ne ko baƙo. Ku kuma je wurin iyayenku tun suna raye, ku tambaye su sunan wa kuka ci, da halin da ya sa aka zaɓe shi, sannan ku yi ƙoƙari ku gaji wannan hali. Allah Ya raya mana zuri'a bisa alheri.